Tsakanin Son Kulob da Adalcin Alƙalami: Nazari a kan Aikin Jaridar Wasanni a Arewacin Najeriya

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda son kulob yake shiga aikin ɗan jaridar wasanni, musamman mai aiki da harshen Hausa a rediyo, ta kuma ɗauki Kano Pillars da gasar Firimiya ta Najeriya a matsayin fagen nazari. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ba a buƙatar ɗan jarida ya cire son kulob daga zuciyarsa, domin hakan ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne yake ɓata aikin ba. Abin da yake ɓata shi shi ne yanke wa alƙalin wasa hukunci ba tare da hujja ba, da kawar da kai idan na gida ya yi laifi, da kuma dogaro da aljihun wanda ake ba da labarinsa.

Gabatarwa



Mai ɗauko labarin kotu ba lalle ne ya taso da sha'awar shari'a ba, haka ma wakilin da aka tura majalisa. Amma duk wanda kuka ji yana sharhin ƙwallo a rediyo, to tun kafin ya riƙe makirufo ya daɗe da zaɓar ɓangare. Ya buga ƙwallon unguwa ba takalmi, ya bi layin sayen tikiti a Ƙofar Mata, ya sha kwana da ɓacin rai saboda an ci kulob ɗinsa a minti na ƙarshe. Wannan son ne ya kawo shi aikin, shi ne kuma ya ba shi sanin da yake taƙama da shi. Sai ga shi ranar da ya karɓi aiki an ce masa ya zama ɗan ba-ruwanmu.

Tsohuwar ƙa'ida ce a wannan sana'a. A Amurka, marubucin wasanni Jerome Holtzman ya fitar da littafin hirarrakinsa da tsofaffin marubuta a 1974, ya kuma raɗa masa suna da dokar da kowa ya sani a can, cewa ba a yin shewa a wurin zaman 'yan jarida. A nan gida, kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilori a 1998 ya wajabta gaskiya da adalci a kan kowane ɗan jarida, bai ware na wasanni ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce, me wannan ƙa'ida take nema daga mutumin da aka haifa a Fagge ko Gwammaja, wanda gidan rediyonsa da kulob ɗin da yake ba da labarinsa da masu sauraronsa duk 'yan gari ɗaya ne?

Idon mai goyon baya

Bahaushe ya riga ya ce so hana ganin laifi, kuma masana halayyar ɗan'adam sun gwada maganar sun same ta daidai. A watan Nuwamban 1951 aka buga wani wasan ƙwallon Amurka tsakanin jami'o'in Princeton da Dartmouth, wasan da ya yi zafi har aka karya wa gwarzon Princeton hanci, wani ɗan wasan Dartmouth kuma ya karye a ƙafa. Jaridun ɗaliban jami'o'in biyu kowacce ta ɗora wa ɗaya ɓangaren laifi. Sai malamai biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban kowace jami'a faifan wasan guda, suka ce su ƙirga laifuffukan da suka gani. Ɗaliban Princeton sun ga 'yan Dartmouth sun yi laifi fiye da ninki biyu na abin da ɗaliban Dartmouth suka gani a nasu 'yan wasan. An buga sakamakon a 1954. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya yi ƙarya da gangan a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya nuna masa ne, idon ne ya riga ya karkata.

A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa suka ƙara wani abu. Sun lura cewa ɗalibai sun fi sa rigar jami'arsu idan ƙungiyarsu ta yi nasara, kuma a magana sukan ce "mun ci" idan an yi nasara, amma "an ci su" idan an sha kashi. Duk mai sauraron shirye-shiryen wasanni na Hausa ya san wannan salon. Ranar nasara mai gabatarwa yana cikin tawaga, ranar faɗuwa kuma ya koma gefe yana neman wanda zai ɗora wa laifi: koci, ko gola, ko kuma wanda ya fi sauƙin kamawa, wato alƙalin wasa.

Akwai bincike na uku da ya kamata ya kwantar wa abokan aikina hankali. A 1985 Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper na Jami'ar Stanford suka nuna wa magoya bayan Isra'ila da na Larabawa rahotannin talabijin iri ɗaya a kan kisan gillar Beirut na 1982. Kowane ɓangare ya fito yana cewa rahotannin sun karkata ga abokin hamayyarsa. Ma'ana, ko ka yi adalci iya ƙoƙarinka, mai goyon baya na gaske zai ce ka ci amanarsa. Saboda haka ɗan jaridar da yake auna ingancin aikinsa da yabon masu bugo waya, ya ɗauki ma'aunin da ba zai taɓa nuna masa gaskiya ba.

Shekara goma sha biyu ba a ci Masu Gida a gida ba

An kafa Kano Pillars, wadda ake yi wa laƙabi da Masu Gida, a 1990, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na birnin: WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin Firimiya a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan an tashi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Na kawo waɗannan ne don kada a ɗauka abin da zan faɗa raini ne. Kulob ɗin da ya je Alƙahira ya zura ƙwallo biyu a ragar Al Ahly ba ya buƙatar a yi masa alfarma kafin a kira shi babba.

To amma akwai tarihin da magoya baya suka fi alfahari da shi. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1, babu ƙungiyar da ta doke Pillars a gida a gasar Firimiya: wasa 202 a jere. Mai goyon baya yana da damar ya yi ta murna da wannan adadi har ƙarshen rayuwarsa. Ɗan jarida kuwa, bayan murna, akwai tambayar da aikinsa ya ɗora masa. Me ya sa a gasarmu cin wasa a waje ya zama abin mamaki, ba ga baƙin Kano kaɗai ba, har ga Pillars ɗin kanta idan ta fita? Amsar tana da rassa: doguwar tafiya a mota daga Fatakwal ko Uyo zuwa Arewa, filayen da baƙo bai saba da su ba, rashin biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari, sai kuma matsin da alƙali yake shiga a gaban dubban 'yan kallo ba tare da isasshen tsaro ba.

Wannan na ƙarshe ba zargi ba ne, abu ne da aka gwada. A 2002 Alan Nevill da Nigel Balmer da Mark Williams suka nuna wa ƙwararrun alƙalan wasa 40 faifan wani wasa tsakanin Liverpool da Leicester City. Wasu sun kalla da ihun 'yan kallo, wasu kuma an kashe musu sauti. Waɗanda suka ji ihun sun hukunta masu gida da laifuffukan da suka yi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin ɗari. Wannan fa a ɗaki ne, gaban akwatin talabijin, inda babu mai jifan su da dutse ko ledar ruwa. Sai mu kwatanta da mutumin da ya san cewa bayan ya hura usur na ƙarshe, ta cikin jama'ar nan zai bi ya fita.

Ɗan jaridar da son kulob ya rufe wa ido yana ganin rabin wannan lamari ne kawai. Idan aka ba masu gida fenariti a Aba ko Makurɗi a minti na tamanin da tara, zai cika shirinsa da cewa an yi mana fashi da rana tsaka. Idan irin wannan bugun ya faɗo wa nasa kulob ɗin a Kano ko Katsina ko Maiduguri, sai ya ce yara sun jajirce har ƙarshe. Laifi tudu ne. Kuma muddin kowane gari yana ba da labarin zaluncin da aka yi masa a waje kaɗai, cutar da ta addabi gasar gaba ɗaya ba za ta taɓa zama labari ba.

Ranar da na gida ya yi laifi

A nan ne nake ganin ake gane ɗan jarida. A watan Yunin 2019, a wasannin fitar da zakara da aka yi a filin Agege na Legas, Pillars ta tashi 1-1 da Enugu Rangers, magoya baya suka kutsa fili suka far wa alƙalin wasa. Hukumar gudanar da gasar ta ci tarar kulob ɗin naira miliyan 8, ta dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A watan Afrilun 2022, a filin Sani Abacha, wasan Pillars da Katsina United ya watse ba a kammala ba, aka farfasa motar baƙi. Hukuncin da ya biyo baya shi ne tarar naira miliyan 9 da cire maki uku da mayar da wasannin gida zuwa Abuja. Bayan 'yan watanni aka sake cire wasu maki uku saboda cin zarafin mataimakin alƙali a wasa da Dakkada. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa gasa ta ƙasa, ita da Katsina United ɗin duka, sai a 2023 suka dawo.

Ku saurari yadda irin wannan labari yakan fita a shirin dare. Mai gabatarwa zai fara da cewa an ɗan samu hatsaniya. Sannan ya ce wasu ɓata-gari ne da ba magoya bayan gaskiya ba. Daga nan ya shafe minti goma yana bayanin ƙwallon da alƙali ya soke, har mai sauraro ya manta cewa akwai mutumin da aka fasa wa kai. Sai a buɗe layi. Mai bugo waya na farko ya ce, "Wallahi Malam, alƙalin nan an saye shi tun daga otal." Mai gabatarwa ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ra'ayinka ke nan, mun gode," ya ɗauki kira na gaba. Bai ce an saye shi ba, amma ya bar maganar ta shiga kunnen dubban matasa ba tare da ya tambayi mai ita inda ya samo ta ba. A cikin matasan nan akwai waɗanda za su je fili ranar Lahadi mai zuwa da wannan magana a ransu.

Ina so mu tsaya a nan sosai, domin rediyo a ƙasar Hausa ba abin wasa ba ne. Mai shayi da direban adaidaita da ɗan kasuwar Kwari da yawansu ba su ga wasan ba, abin da muka faɗa musu shi ne wasan. A gasar da ba kowane wasa ake nunawa a talabijin ba, maganar wakilin da ya je fili takan zama ita ce kaɗai shaida. Idan ya ce ba satar gida ba ce, alhali yana zaune a inda ba zai iya ganin layin ba, ya ba da shaidar abin da bai gani ba. Kuma wa wannan kawar da kai ya amfana? Kulob ɗin ya yi asarar maki shida da kuɗin tara da kuɗin ƙofa, magoya bayan da ba su jefi kowa ba an hana su kallo, 'yan wasa sun tafi gasa ta ƙasa. Wanda yake son Pillars da gaske, shi ya fi kowa cancantar ya fito tun 2019 ya ce abin da aka yi a Agege laifi ne, ba tare da ya biyo da "amma" ba.

Batun aljihu

Da son zuciya ne kaɗai matsalar, da ta zo da sauƙi. Yawancin kulob-kulob na gasar Firimiya mallakar gwamnatocin jihohi ne: Pillars ta Kano, El-Kanemi Warriors ta Borno, Wikki Tourists ta Bauci, Katsina United, Niger Tornadoes, Plateau United. Gwamnatin da take biyan albashin ɗan wasa ita ce take biyan na ma'aikacin gidan rediyon jiha. Idan 'yan wasa suka yi watanni ba a biya su kuɗin sa hannu ko alawus ba, wakilin gidan rediyon gwamnati ya san labarin sarai, ya kuma san inda labarin zai kai shi. Zuwan gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom da aka buɗe a Kano a 2003, ya buɗe ƙofa, amma bai magance talaucin sashen wasanni ba.

Ga yadda abin yake a zahiri. Za a buga wasa a Kudu, gidan rediyo ba shi da kuɗin tura wakili. Sai wakilin ya shiga motar kulob, ya zauna kusa da 'yan wasa kwana guda a hanya, ya kwana a masaukin da kulob ya biya, ya ci abincin da aka dafa wa tawaga, a dawowa kuma a miƙa masa na goro. Wani ma shi ne jami'in yaɗa labaran kulob da rana, da dare kuma mai sharhi a rediyo. Baki idan ya ci, ido kan ji kunya. Ba na zargin waɗannan abokan aiki da rashin mutunci, yawancinsu da ba su bi motar ba da babu wanda zai ji labarin wasan sam. Amma kundin Ilori ya hana karɓar lada don a buga labari ko a danne shi, kuma nauyin cika wannan sharaɗi bai kamata a ɗora shi a kan ƙaramin wakili shi kaɗai ba. Gidan da ya ƙi ba shi kuɗin mota shi ya miƙa shi ga kulob.

Ko a ƙasashen da 'yan jarida suke biya wa kansu, kulob yana da sandar da yake dukan su da ita, wato hana shiga. Alex Ferguson ya ƙi magana da BBC daga 2004 zuwa 2011 saboda wani shiri da ya taɓa ɗansa. A 2013 Newcastle United ta hana wakilan jaridun garinta shiga wurin 'yan jarida saboda sun ba da labarin zanga-zangar magoya baya a kan mai kulob ɗin. Bambancin shi ne, waɗancan kafofin suna da ƙarfin da za su jure, suka ci gaba da aikinsu. Namu wakilin idan aka sauke shi daga mota, shike nan.

Inda son yake da hurumi

Ban zo nan don in ce a riƙa karanta sharhin ƙwallo kamar sanarwar rasuwa ba. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya, wanda ya rasu a 1990, bai taɓa ɓoye cewa yana tare da ƙungiyar ƙasa ba, kuma laƙabin da ya raɗa wa Christian Chukwu da Segun Odegbami suna nan har gobe. Wanda ya ba da labarin yadda Najeriya ta doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2 a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, bai isar da abin da ya faru ba. Murna da baƙin ciki suna cikin labarin. Haka ma masu gabatarwar da kowa ya san wannan ɗan Madrid ne, wancan ɗan Barcelona ko Arsenal, suna tsokanar juna masu sauraro suna jin daɗi. Illar wannan kaɗan ce, domin an san matsayin kowa, kuma babu alƙalin Sifaniya da zai kwana a asibiti saboda abin da aka faɗa a Kano. Abin da kawai nake jin takaicinsa shi ne yadda yake cinye lokacin da ya kamata a ba gasar gida.

Iyakar ita ce: so yana iya shiga murya, amma ba ya da hurumin taɓa abin da ya faru. Kuma ya kamata mu tuna cewa zafin so yakan juya kan wanda ake so. Bayan Kodebuwa ta doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a watan Fabrairun 2024, zagin da aka yi wa Alex Iwobi a intanet ya kai har ya goge hotunansa na Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su daina. Mai sharhin da ya saba bin zuciyar 'yan kallo, a irin wannan rana ba shi da abin da zai tare su da shi.

Abin da za a iya farawa da shi

Wasu gyare-gyaren ba sa buƙatar kuɗi. Wakilin da ya bi motar kulob ya faɗa a farkon rahotonsa cewa da tawagar ya yi tafiya, mai sauraro ya auna da kansa. Wanda yake riƙe da muƙami a kulob kada edita ya bar shi ya yi sharhi a kan wasan wannan kulob. Idan mai bugo waya ya ce an sayi alƙali, a tambaye shi hujja nan take, idan babu a faɗa a fili cewa babu. Idan wakili bai ga abu da kyau ba, ya ce ban gani ba, ya nemi faifan kafin shirin gobe. Kuma kowane rahoton rikici ya ƙunshi muryar baƙi, ko da ta waya ce da kocinsu yana kan hanyar komawa gida. Ƙungiyar marubuta wasanni ta ƙasa, SWAN, wadda take nan tun 1964 kuma take da rassa a jihohi, ita ta fi dacewa ta mayar da waɗannan rubutacciyar ƙa'ida, ta kuma haɗa wakilan garuruwa su riƙa musayar rahoto, ta yadda gidan rediyon Kano zai karɓi labarin wasan Bauci daga wakilin da ke can ba sai ya jira motar kulob ba.

Ga malamanmu na sassan koyar da aikin jarida a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo kuma, akwai aikin da ɗalibi ɗaya zai iya yi a kaka guda da wayar hannunsa. Ya zaɓi wasannin da ƙungiyoyin Arewa biyu suka haɗu, ya naɗi shirin wasanni na daren ranar daga gidajen rediyon garuruwan biyu, ya ƙirga sau nawa aka ambaci alƙali, da wace siga, sau nawa aka ji muryar ɗaya ɓangaren, sannan ya ajiye duka kusa da faifan wasan da rahoton kwamishinan wasa. Ina roƙon a ba wani wannan aiki a zangon karatu mai zuwa, a kawo mana sakamakon a taro na gaba.